Littafin Awo

A shagona na bakin tashar Jega
akwai wani littafi da bangonsa ya sha man keke,
ciki nake rubuta awon mata.
Shafi na goma sha ɗaya na Ige ne, Ige 'yar Kamba:
kafaɗa sha biyar, ƙugu talatin da biyu,
tsawon zane har idon sawu,
wai ba ta son ƙafarta ta riga bakinta magana.

Ranar da ta fara zuwa, da ƙwarya a hammata ta shigo.
Ta kifa ta cikin bahon da nake jiƙa yadi,
ta buga da ludayi sau uku,
har mai facin taya ya ajiye famfo ya leƙo.
Lokacin gidajen biki take bi, Aliero, Maiyama, Bunza,
ana liƙa mata 'yan biyar-biyar a goshi,
ta dawo ta zube mini su kan tebur, da danshin gumi.

Daga baya masu wasan kwaikwayo suka kai ta Birnin Kebbi.
Suka ba ta uwar adashe,
wadda ta tattara zubin matan unguwa ta bi motar asuba.
Ta yi shi, ta yi shi har ya wuce wasa.
Ran kasuwa mai kifi ta janye tire daga gabanta:
"Ba ni sai da miki, ɓarauniya, maido kuɗɗin mutane!"
Ige ta zo nan tana dariya har da riƙe ciki,
amma shekara huɗu ba adashen da ya karɓi hannunta.
Ni nake zuba mata da sunana.

Shafi na arba'in, ƙugu talatin da takwas.
Shekarun leshi ke nan da mota mai direba,
fuskarta a bayan motocin haya, a kalandar mai shayi,
'yan mata na kawo atamfa su ce, "Irin wuyan Ige."
Na yanka wuyan nan har almakashi ya haddace.
Ita kuwa sai bayan isha take zuwa awo,
ta tuɓe takalmi, ta zauna kan buhun ƙyallaye,
ta aiki yaro ya sayo rogo da garin ƙuli.
A nan ta faɗa mini sau tara aka sa ta kukan mutuwar ɗa
ranar da nata ke kwance da ƙyanda a Kamba.
Aka yi ta yaba gwanintarta.
Yaron ya tashi, yanzu yana koyar da lissafi,
har yau bai yarda ya kalli wurin ba.

Shafi na saba'in da uku, biro ya canja launi,
ƙugu ya koma talatin.
Murya ta dushe, likita ya ce a huta,
masu ɗauka suka samo sabuwar fuska daga Gusau.
Waƙarta na cikin wayar kowane ɗan kabu-kabu,
naira hamsin ake tura ta a rumfar caji,
ko sisi bai san hanyar gidanta ba.
Ƙanƙara take sayarwa, in an kawo wuta.

Jiya ta aiko jikanyarta da yadi huɗu, shuɗi,
da saƙon kada in duba tsohon awo, za ta zo da kanta.
An gayyace ta bikin 'yar mai kifin nan,
wai ko baiti biyu ne ta daure ta yi.
Na goge tef, na feƙe alli,
na buɗe sabon shafi na sa sunanta a sama.
Na kuma cika baho da ruwa,
ko da za ta zo da ƙwarya.