Tsarabar Shiyulan

Saura kwana uku Shiyulan ta koma Sin.
Wata tara muna ɗaki ɗaya a Dundaye,
ta zo koyon Hausa, ta haɗa da cin yaji,
har tana cewa "awo" kamar 'yar Rijiyar Ɗorowa.

Luba ta ce, kada ki ba mu kunya,
ga kwalin da Yaya Malami ya aiko daga Amurka:
cakulan mai gyaɗa a ciki,
soyayyen dankali a dogon gwangwani,
alewa mai launin bakan gizo.
Ba ta wannan, ta san mu ma mun ga duniya.

Na rungume kwalin a bayan kabu-kabu,
ranar Afrilu tsaye a ka, ba ko inuwar tsuntsu.
Kafin gadar Kwalkwalawa
cakulan ya zama kunu,
dankali ya zama tsaki.
Na juya gindin akwatin alewa don in ga abin da ya tsira,
sai ga ƙaramin rubutu: an ƙera shi a Sin.
Mai babur ya yi dariya har muka kusa faɗa wa jaki,
ya ce, kin ɗauki goro za ki kai Gwanja.

Na ce, juya, kai ni kasuwa.

"Mi kika so, ɗiyata?" in ji Ɗanjumma,
yana ɗaga kilishi ga rana kamar mai duba shadda.
Na ce, wanda zai yi tafiya mai nisa.
Ya ce, nawa ya je Makka ya dawo.
Na saya, ko da na san
nama ba ya wuce masu bincike a filin jirgi.

Goruba na ɗauka, na ajiye.
Ranar da ta fara gwada ta
kwana biyu ta yi tana riƙe da haɓa.
Nakiya? Ta ce tana tuna mata da girkin sabuwar shekara,
kuma ba na so ta yi kuka a gabana.
Aya, i. Kantun riɗi, i.
Ƙuli-ƙuli mudu guda, mai siffar zobe,
wanda take ci da dare tana haddar karin magana
har in ce mata, ɓera, bar ni in yi barci.

Sai na tuna kakarta,
tsohuwar da ke leƙowa ta waya duk Lahadi,
baki ba haƙori ko ɗaya,
wadda ta taɓa tambaya, mutanen can
me suke taunawa in ba su da abin faɗi?
Na koma baya, rumfa ta huɗu,
na sa Ige ta dunƙula dakuwa mai laushi,
da tuwon madara, yanka goma sha biyu,
wanda harshe kaɗai ya ishe shi.

Da dare muka baje komai a tabarma.
Ta tsoma yatsa a cakulan ɗin Luba,
ta lasa, ta ce yana da daɗi,
irinsa ne a kowane filin jirgi.
Kilishin kuwa muka cinye shi tas,
tana hawaye, tana cewa barkono ne.
Na ce, awo, barkono ne.

Ta cire takalma biyu daga jaka
don ƙuli-ƙuli ya sami wuri.
Suna nan ƙarƙashin gado, sun yi mini kaɗan.

Jiya, bayan mako uku,
saƙon murya ya shigo da asuba.
Ba gaisuwa, ba magana,
ƙurus, ƙurus, ƙurus,
can baya kuma wata tsohuwa
tana tsotsar wani abu, tana dariya.