Yatsu Nawa?

Shekara talatin da ɗaya ina gudu da bokiti da soso
a wannan fili na bayan tashar jiragen ruwa, a Montevideo,
inda iskar kogi ke shigowa kallo ba tikiti.
Na san ƙarar ƙauri in ya karye.
Na san ta kai da kai ma:
kwakwa biyu a buhu, a maka da ƙasa.

Heber Olascoaga, lamba huɗu, mai tsaron baya.
Ni na ɗaure masa takalmi ranar farko,
yana ɗan sha bakwai, hannunsa na rawa.
Goshinsa ne gonarsa.
Da shi ya biya wa uwarsa haya,
da shi ya sa rufin kwano, ya sayo firiji,
ƙwallo in ta tashi sama, kowa ya san mai ita.

Karon farko na ɗaga masa yatsu uku.
Ya ce uku, ya yi dariya, ya miƙe.
Karo na biyu ya ce uku.
Biyu na ɗaga.
Na matse masa soso a ƙeya, na tura shi ciki,
don saura minti goma, kuma mu ke gaba da ɗaya.
Allah ya gani. Ni ma na gani.

Na uku da na huɗu jaridu suka ce namijin duniya.
Na biyar, Lahadin da ta wuce,
bai ƙirga komai ba.
Ya dube ni kamar fasinjan da ya farka a tashar da ba tasa ba,
ya ce, Baba, an fara wasan?

Likita Etchegoyen ta kara hoton kansa a jikin fitila.
Ta ce tulu ba ya faɗin ranar da zai fashe,
tsaguwa yake yi a ɓoye, yana ta ɗaukar ruwa.
Ta ce ajiye.
Ya ce shekarata ashirin da bakwai, me na iya?
Kwantiragi saura biyu,
dillalina ya ce ana kallona daga Meziko.
In na zauna, wa zai tashi?

Ban da amsar wannan.
Yunwa ma tana bugun kai, na sani.

Amma akwai Anselmo a bakin ƙofa ta uku,
kyaftin ɗinmu tun ina yaro,
da ƙoƙon shayin mate da ya huce a hannunsa.
Duk Lahadi sai ya tambaye ni ko na ga matarsa.
Shekara tara ke nan da muka binne ta.
'Yan kallo har yau suna rera sunansa,
shi ma yana tafi, yana waige-waige,
yana neman mutumin da ake yabo.

Jiya na kai wa Heber magani gida.
An rufe labule, hasken rana ma duka ne yanzu.
'Yarsa Yamila, shekara biyar,
ta koyi wasan a talabijin.
Ta hau cinyarsa, ta ware hannu:
Baba, yatsu nawa?
Kafin ya amsa, ni ya fara kallo.

An ce da muguwar rawa gara ƙin tashi,
sai dai mai faɗin haka ba shi ne makaɗi ke kira ba.
Ni ba likita ba ne, ba shugaban kulob ba,
soso kawai gare ni, da bakin da ya yi shiru sau ɗaya.

Yau na wanke rigunan Lahadi.
Na rataye kowace a ƙusarta, daga ɗaya har zuwa uku,
na tsallake, na ci gaba daga biyar.
Ta huɗu tana ƙasan akwatina, a ninke.
In ya zo ya tambaya,
zan ce ba ta bushe ba.