Ramin Gwaggo Sukmaya

A Lamjun, inda gonaki ke hawa kan juna kamar matakala,
gwaggona Sukmaya ta haƙa rami mai siffar mazurari
a bayan garken ɓauna.
Faɗin bakinsa taku biyu, zurfinsa iya ƙugunta.

Ran farko asara muka yi.
Karan masara bai gama bushewa ba, muka cusa shi dami-dami.
Hayaƙi ya tashi fari fat, ya gangara kwari
har Til Bahadur ya leƙo ta shinge yana tari,
yana tambaya ko gawa muke ƙonawa.
Da gari ya waye, rabi toka, rabi ɗanyen kara.
Gwaggo ta duba, ta tsartar da yawu,
ta ce, "Hayaƙi gawayi ne da ya gudu."

Ta ciro tsohon littafin makarantata,
wanda na bari shekarar da na tafi Doha ɗaukar bulo,
ta miƙo mini fensir.
Ita ba ta karatu. Ni ban san wuta ba.

Na rubuta: kwana tara a rana, sai kara ya ce ƙas in an karya.
Na rubuta: a sare shi tsawon kamu, kada ya wuce.
Totuwa daban, ta fi taurin kai.
Ɓuntun shinkafa kaɗan-kaɗan, yana shaƙe wuta.

Karo na huɗu muka gane zancen.
Wuta daga sama ake kunna ta.
Harshenta ya zama murfi,
ya cinye iskar kafin ta kai ƙasa,
abin da ke ƙarƙashi ya dahu a duhu, bai ƙone ba.
Da zarar farar toka ta fara furfura a kan garwashi
sai a ƙara shimfiɗa.
Ka yi gaggawa, hayaƙi.
Ka yi nawa, toka.
Tsakaninsu akwai ɗan lokaci siriri kamar zare,
a nan gwaggo ke tsayawa da sanda,
fuskarta ja, ba ta ƙiftawa.

Kashewa kuma ba da ruwa zalla ba.
Fitsarin ɓauna, tulu uku, wanda ta tara mako guda,
shi muka kwarara ta gefe.
Tururi ya buge ni har hawaye.
Ta yi dariya: gawayi mayunwaci ne,
in ka kai shi gona da cikinsa wayam
abincin shuka zai fara ci.

Na ɗauki guda, ba nauyi.
Na murƙushe, ya yi ƙara kamar fasasshen kasko.
Na wanke hannu, baƙin ya fita ba sabulu.
Kwando takwas na kara, biyu da rabi na gawayi.
Na ja layi biyu ƙarƙashin lissafin.

Kunya uku kawai muka zuba wa, na kabewa,
muka bar uku haka nan, don kada mu yaudari kanmu.
Ruwa ya yi jinkirin kwana goma sha ɗaya bana.
Uku sun sunkuyar da kai tun hantsi.
Uku sun jira har azahar.

Jiya Til Bahadur ya zo aron littafin.
Gwaggo ta ce ya zo da karansa,
busasshe.