Sirdi Na Uku

Likita ya ce suga ta hau,
ya ce, "Ɗan'azumi, kai ma sai ka hau wani abu."
Shi ya sa na sayi keken hawan dutse
ina da shekara hamsin da huɗu,
talatin daga ciki a kan kujerar ɗinki
a wani lungu na kasuwar Ɗa'ifa.

Taya mai gargada kamar bayan kada,
giya ashirin da ɗaya, birki mai cizo.
Duk na duba, na taya, aka rage mini riyal arba'in.
Sirdin ne kaɗai ban kalla ba.
Ɗan hakin da ka raina.

Juma'ar farko na nufi hanyar Shafa.
Kafin in wuce gonakin wardi
sirdin ya fara yi mini magana a inda ba a faɗa.
Na dawo ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu a tsakanin cinyoyi.
A sallar la'asar zaman tahiya ya gagare ni.
Tasalla ta toshe baki da gyale,
kafaɗunta suna rawa.

Sai na sayo na biyu, faffaɗa, mai soso,
taushi kamar burodi sabon fitowa.
Na danna shi da babban yatsa a shago, na yi hamdala.
Ashe ba yatsa ne zai zauna ba.
A hawan farko ya karɓe ni hannu bibbiyu,
a na uku ya haɗiye ni,
gefensa ya yi ta guga har fata ta saɓule,
ƙafa ta mutu kamar aro na yi.
Birai a kan katangar hanya suna kallo ina tura keke.
Wani tsoho a cikinsu har ya sosa nasa mazaunin,
mai kanta, wanda aka ɗinka masa tun ran haihuwa.

Usta Muƙbil, Bayamale mai gyara a bayan tasha,
bai ce in zaɓa ba.
Ya yago kwalin rumman ya shimfiɗa a benci,
ya ce, "Zauna. Ɗaga ƙafa. Sunkuya kaɗan."
Da na tashi, ga rami biyu a kwalin,
ƙanana, kamar an ajiye ƙwai a rairayi an ɗauke.
Ya miƙo hannu: "Tela ne kai, ba ni tef ɗinka."
Santimita goma sha uku.

Ni da na auna wuyan mutum dubu,
kafaɗar ango, tsawon hannun liman,
ni da kullum nake ce wa masu kawo yadi
kada ka ɗinka rigar maƙwabcinka,
ban taɓa auna abin da nake zaune a kai ba.

Ya ciro wani siriri, baƙi, mai tauri,
da tsaga a tsakiya kamar ƙwallon dabino.
Na ce, wannan ai hukunci ne.
Ya ce, "Ƙashi ke ɗaukar mutum, ya hajji, ba tsoka ba.
Ba wa ƙashi wurinsa, sauran su huta."
Ya ɗora ma'aunin ruwa irin na magina,
ya kwance, ya ɗaure, har kumfar ta tsaya a tsakiya,
ya ɗaga sandar da yatsa biyu,
ya ce in ba shi Juma'a uku kafin in zage shi.

Ta farko na zage shi a zuci.
Ta biyu, rabin zagi.
Yau ta uku.
Ga ni can sama inda gajimare ke sauka ya kwanta a kwalta,
ina ɓare barshumi da na saya wurin wani yaro,
ƙayarsa a yatsuna,
gidaje can ƙasa kamar maɓallai sun zube daga gwangwani,
sai ya faɗo mini a rai:
tun da na bar ƙofar gida ban tuna da shi ba.

Jibi zan kai wa Usta riga.
Na riga na auna shi da ido,
amma zan tafi da tef.