Mai Riƙon Eriya

A layinmu na Tudun Nupawa gida ɗaya ke da akwatin,
gidan Malam Jatau, akawun reluwe.
Ƙafa huɗu gare shi, da ƙyaure biyu kamar kabad.
Da rana a kulle yake, an yafa masa ƙyalle,
sai ka ce surukin da ba a gaida shi sai da yamma.

La'asar sakaliya muke taruwa,
ƙafa a wanke, sharaɗin Inna Kande ke nan.
Da fari ba kowa a ciki,
da'ira ce kawai da zane-zane,
da wata ƙara siririya, kukan sauro a kunne.
Mu zura ido. Da'irar ma kallo ce.

Sai hoto ya zo, ya yi sallama, ya soma rawa,
tsaki ya zubo masa, fari da baƙi.
"Bala'u, hau!"
Ni ne marar nauyi, ni kwano ke iya ɗauka.
Eriya bisa gora, gora a ɗaure da tsohuwar igiyar guga.
"Juya! Ƙara! Ka wuce! Dawo kaɗan!
Yauwa, nan, kada ka motsa!"
In na saki, mutanen akwati su narke.
To, ban saki ba.

Da kunne na yi kallona, shekara uku.
Na san an buɗe in na ji karatu,
na san na yara ne in Lantana ta daina tsokana.
Talata malamin gona zai yi faɗa a kan taki,
Laraba wata mata ta soya abin da ba mu jin ƙanshinsa,
Inna Kande na cewa, "Wannan mai ya yi yawa."
Ran wasan kwaikwayo dariya ke tasowa ta ƙarƙashina
har kwano ya ɗauki ɓari,
ni ma in yi tawa, a makare, ban san dalili ba.
Asabar dawaki da bindiga da Turanci ta hanci,
Tanimu na fassara abin da shi ma bai ji ba.

Amma akwai shirin da ni kaɗai ake nuna wa:
jemagu sun tashi daga mangwaro, sun nufi kogi,
jirgin ƙasa na jan ciki bisa gada,
kekunan 'yan masaƙa na dawowa daga Kakuri
kowane da ƙwayar fitilarsa.
Nawa mai launi ne. Ban faɗa musu ba.

In an sa taken ƙasa, Malam Jatau ya miƙe tsaye,
tashar ta ce sai da safe, alhali sai gobe da yamma.
In sauko, kafaɗa ta mutu,
in tarar da ɗigon haske ɗaya a tsakiyar gilashi
yana ƙanƙancewa. Rabona ke nan.

Wata Juma'a a kasuwa, ni da Tanimu da Lantana,
wani ɗan siririn mutum cikin koriyar riga
yana taya albasa: "Sule biyu? Haba, sassauta."
Na daskare.
Muryar da ke kawo mana duniya kowane dare!
Na ce mai labarai ne. Suka ce ƙarya nake,
na akwati ƙato ne, kuma rigarsa toka-toka.
Ya waiwayo, ya yi murmushi, ya ɗora yatsa a leɓe.

Yau jikokina na da tasha ɗari, ba wadda ke barci,
ba mai cewa sai da safe.
In sun kunna, ni lumshe ido nake yi.
Su ce, "Kaka ya yi gyangyaɗi."
Ba su lura da hannun damana ba,
yadda yake ɗagawa kaɗan daga cinya,
yana riƙe musu hoton.