Agogon Mangwaro

Daren da Suwaiba za ta tafi jami'a a Dundee
ta dire kwali a tsakar falo, ta ce, Baba, zauna.
Na zauna. Ta farke shi da makullin ƙofa.
Sai ga wani farin abu mai tumbi kamar tulu,
bakinsa a ƙasa, da ɗan kwanon ƙarfe a gabansa.

Ta ce shi zai riƙa ciyar da Mangwaro.
Na ce, ni kuma aikin me nake a gidan nan?
Ta ce, kai kana zagaya Sheffield da bas
tun kafin gari ya waye har fitilun titi su kama,
cikin muzuru kuwa bai san cunkoson hanya ba.

Muka wanke tumbin, muka kife shi ya tsane,
wai danshi na sa abincin ya dunƙule a maƙogwaro.
Muka juye buhu, ƙwaya na zuba kamar ƙanƙara a rufin kwano.
Batir uku a ƙarƙashi, ko da wuta za ta ɗauke.
Na ce, a garin nan? Ta ce, sa dai, Baba.
Awo biyu shida na safe, awo biyu shida na yamma,
likitan dabbobi ya ce gogan ya fara ajiye teɓa.
Mangwaro na kan kujera yana jin ana yanke masa rabo,
ya lumshe ido, bai ce komai ba.

Saura madanni ɗaya, ɗan ƙarami, ja.
Ta durƙusa, ta kai baki kusa, ta danne shi:
Mangwaro, taho, abinci ya sauka!
Dariya ta kufce mata a ƙarshe, ta shiga ciki.
Ta ce bari a sake. Na ce bar shi haka.

Makon farko yaƙi aka yi.
Ya zura hannu ta bakin har kafaɗa,
ya ture ta, ya hau kanta ya kwana,
na dawo na tarar da ita a kife, murfi bai buɗe ba.
Na tokare ta da buhun shinkafa a lungun firji.
Ya gane ba a yi wa ƙarfe kuka,
sai ya koma zama gabanta tun biyar da rabi
kamar mai jiran a buɗe banki.

Ran hutuna ina kwance, ruwa na dukan taga,
sai na ji 'yata a kicin tana kira.
Na miƙe da takalmi ɗaya.
Ƙwaya ta zubo, wutsiya ta wuce ni a guje,
na tsaya riƙe da ƙofa har dariyar ta ƙare.
Tun da na riga na taso, na ɗora ruwan shayi,
na ɗumama miyar shekaranjiya.
Ashe rabona da cin abinci a zaune
tun ranar da jirgin ƙasa ya ɗauke ta.

Ƙarshen Oktoba aka ja agogo baya da awa guda.
Na gyara na bango, na gyara na murhu,
na hannu ma na murɗa shi.
Na zo gaban na'ura da tabarau da takarda,
rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi:
danna nan, riƙe can daƙiƙa biyar.
In yatsa ya zame fa? In na goge muryar?

Na ninke takardar na mayar cikin kwali.
Maƙwabcina Pickering ya ce aikin minti ɗaya ne,
Suwaiba ta ce in ta zo hutu za ta duba.
Kafin nan, duk Ingila na cewa ƙarfe biyar,
mu a gidan nan shida ta yi.
Shi da kwanonsa, ni da nawa,
an kira mu, mun amsa.