Kwana Goma Sha Tara

Tsakanin Mashi da Shargalle tifa ta wuce ni,
ta tofo tsakuwa ɗaya, ba ta kai gyaɗa ba.
Tas! Na yi salati, na ƙanƙame sitiyari.
Tauraro ya fito a gilashi da rana tsaka.

Kafin in kai Daura ya yi ƙafa,
kafin in dawo Katsina ya miƙa hannu
har gaban idona.
Duk abin da na kalla a hanya, an tsaga shi biyu.

Motar Badamasi ce.
Wata bakwai da rufe shi,
har yau ban matso da kujerarsa gaba ba,
da ɗan yatsan ƙafa nake taka birki.

A aljihun gaba na sami takardun,
ƙarƙashin carbi da tsohuwar tocila.
Na tuna faɗan da na yi masa bara:
kowa na yankar ƙaramar inshora,
ta nuna wa masu tare hanya,
mai biyan wanda ka buge, ta bar ka da taka ɓarna,
kai ka kwashi kuɗin shinkafa ka yanki cikakkiya!
Ya ce, Zulai, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na buɗe. Saura kwana goma sha tara ta ƙare.
A layin mai mota,
sunana ne.
Bai taɓa faɗa mani ba.

Yarinyar ofis, Murjanatu, mai tabarau,
ta ce, kin ɗauki hoto? Wace rana? A ina?
Da tabon bai wuce kwabo ba, ana cike shi da gam,
wannan kuwa ya yi tafiya, sai sabo.
Kason farko naki ne, sauran namu.
Ga gareji uku da muka yarda da su.
In kin kai wani wuri ba mu sani ba,
kada ki zo mana da kuka.

Ƙanena Sagir ya ce yana da mutum,
mai araha, a gindin dalbejiya.
Mun je. Gilashin ba tambari, mai shi ba rasit,
ya rantse sau huɗu kafin in tambaye shi komai.
Na ce mu tafi.

Na farko a takarda, Sagir yake kallo yana magana,
ni da makulli a hannu.
Na biyu ya ce in dawo bayan Sallah.

Na ukun tsoho ne wajen Ƙofar Marusa,
Malam Lawandi, yatsunsa duk tabon yanka.
Ya bi tsagar da farce kamar mai bin karatu,
ya nuna mani tambari a kusurwar sabon,
ya ce, Hajiya, gilashi ba ado ba ne,
yana cikin abin da ke riƙe rufin mota.
Gam yana son haƙuri.
Yau kada ki buga ƙofa, kada a wanke ta.
Gobe ki zo in zuba ruwa a gabanki,
in ya ɗiga ciki, aikin bai ƙare ba.

Da suka ɗaga tsohon, na ce ku dakata.
Akwai 'yar takarda manne a gefe,
ranar juyen mai, da rubutunsa mai karkata.
Tsohon bai tambaye ni ba.
Ya sa reza, ya ɓamɓaro ta a hankali,
ya ɗora mani a tafin hannu.

Washegari ruwa bai ɗiga ba.
Na karɓi rasit, na kai wa Murjanatu,
na ce, nawa ne ta shekara mai zuwa?

A bakin ofis na zauna cikin motar.
Hanya ta koma guda ɗaya.
Na sa hannu ƙarƙashin kujera,
na jawo ta gaba
har ƙafata ta zauna a kan birki.